Mai Sayen da Ya Ɗauke Ƙafa Ba Tare da Ƙorafi Ba

Ka ce abin da ke ɗaure maka kai shi ne, kayanmu iri ɗaya ne da na sauran kantuna, farashinmu bai fi nasu ba, amma sai mutum ya yi ta zuwa, daga baya ya ɗauke ƙafa, ba faɗa ba cacar baki. Kana so ka san me muka yi masa. Madalla da wannan tambaya, ɗana, don yawancin yaran kanti ba sa ma lura cewa wani ya daina zuwa.

Mai ƙorafi ba shi ne abin tsoro ba. Wanda ya dawo da gwangwanin madara yana ɗaga murya, wannan har yanzu naka ne, ya ba ka damar gyara. Wanda ya je gida ya buɗe, ya tarar ta lalace, ya jefa a shara ya yi shiru, shi ne ka rasa, kuma sai ya gaya wa mutanen gidansa. Kai a wurinka ciniki ya ƙare da ka miƙa canji. Shi kuwa bai gama sayayya ba sai an sauke leda a kicin an buɗe. Saboda haka rabin aikinmu yana kan abin da ba zai gani ba sai ya isa gida.

Shi ya sa nake matsa maka a kan jera kaya. In sabon katan ya iso, ba tura na kan kanta baya za ka yi ka cika gaba ba, kamar yadda malalacin yaro ke yi. Sauke tsohon duka, goge ƙurar wurin, juya kowane ɗaya ka karanta kwanan watan da ke jikinsa, sa sabo a baya, ka dawo da tsoho gaba. Abin da ya riga shiga shi zai riga fita. Kwanan watan ma iri biyu ne. Akwai wanda ke nufin bayan ranar ɗanɗano da kyau za su ragu, irin na biskit da taliya. Akwai wanda ke nufin kada a ci bayan ranar, irin na nama da ɗanyar madara. Na biyun ba a yi masa ragi don ya fita, sauke shi ake yi. Gwangwanin da murfinsa ya kumbura kuwa, ko kwanan watansa saura shekara, kada ya kwana a kan kanta. Kumburin alama ce ta ƙwayoyin cuta suna aiki a ciki, kuma a cikinsu akwai mai fitar da gubar da ke shanye jiki har ta kashe. Wanda ya lotsa a daidai bakin murfi shi ma ajiye shi gefe, don ta nan iska ke shiga.

Sai wari. Garin sabulu, turaren ɗaki da maganin sauro ba sa maƙwabtaka da fulawa, sukari ko ganyen shayi, a kanta ko a sito. Kai da ka wuni a ciki hancinka ya saba, ba za ka ji komai ba. Matar da ta dafa shayi ta ji ƙamshin sabulu a kofi ba za ta zo ta yi maka bayani ba.

Kayan gwari suna da nasu halin. Ayaba da tuffa suna fitar da wata iska da ake kira etilin, wadda ke sa abin da ke kusa da su ya nuna da wuri, ganye kuma ya yi rawaya, don haka ka raba su. Dankalin turawa in ya daɗe a haske sai ya yi kore, koren kuma yana tafe da ɗaci da guba, shi ya sa ba a baje shi a bakin taga. Firji kada ya haura digiri 5, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifiri. In ka ɗaga ledar daskararren kaya ka ji ya dunƙule wuri ɗaya, ƙanƙara ta taru a gindin ledar, to ya taɓa narkewa ya sake daskarewa. Mai saye da ya san kaya da hannu yake gane wannan, ya ajiye ya wuce, kai kana can kana zaton ba ya buƙata ne.

Yanzu cikin kantin kansa. A da, a kantunan Turai da Amurka, mai saye tsayawa yake a gaban kanta ya faɗi abin da yake so, yaron kanti ya ɗauko ya auna. A 1916 wani mai suna Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memphis na Amurka, inda mutum zai ɗauki kwando ya zaga ya zaɓa da kansa, kowane kaya da farashinsa a rubuce. Tun daga nan kanta ce ke magana a madadinka. In ba ka rubuta farashi ba, ka bar mutum da zaɓi biyu ke nan: ya tambaya, ko ya ajiye. Da yawa ajiyewa suke yi, musamman wanda ya ƙirga kuɗinsa tun daga gida, yana jin nauyin ya tambaya a gaban jama'a sannan ya mayar.

Abin da ya fi rashin farashi muni shi ne farashi biyu, kanta ta faɗi ɗaya, na'urar kashiya ta faɗi wani. An fara karanta lambar nan mai zane-zane da ke jikin kaya a 1974, a wani kanti a garin Troy na jihar Ohio, a kan fakitin cingam. Tun ranar har yau na'ura ba ta san komai ba sai abin da aka shigar mata. In dila ya ƙara kuɗi, ka canza a kwamfuta ka manta da takardar kanta, mai saye ba zai ce mantuwa ba ce, cuta zai kira ta. A kantina hukuncin ɗaya ne: a sayar masa a kan abin da ya gani a rubuce, a ba shi haƙuri, sannan a je a gyara takardar nan take. Ɗan bambancin ni zan ɗauka. Haka sikeli. Fuskarsa ta kalli mai saye, ya ga sifiri da idonsa kafin ka ɗora komai, in kuma da mazubi za ka auna, ka cire nauyin mazubin.

Wani ƙaramin abu da na ga kana wasa da shi: kwandon bakin ƙofa. Mutum in hannuwansa biyu suka cika, sayayya ta ƙare, ko da saura abu uku a ransa. Sylvan Goldman, mai kantuna a birnin Oklahoma, shi ya fito da keken tura kaya a 1937 saboda wannan. Da farko mutane ƙi suka yi, har sai da ya ɗauko hayar maza da mata su riƙa tura keken suna zagaye kamar masu saye, sannan sauran suka bi. In ka ga mutum ya rungumo kaya a ƙirji, miƙa masa kwando, ba sai ka yi magana ba.

Manyan kantuna sukan sauya wa kaya wuri lokaci-lokaci don mutum ya yi yawo ya ga abin da bai yi niyya ba. Wataƙila su yana biya musu. Kantin unguwa kuwa, ni ban yarda ba. Jarinmu shi ne mutumin da ya san inda gishiri yake, ya shigo a gajiye daga aiki, ya ɗauka ya fita cikin minti biyu. In dole ta sa aka sauya, kai za ka riga shi faɗa.

Kalmar "babu" kuma kada ta fita daga bakinka ita kaɗai. Faɗi ranar da zai iso in ka sani, nuna makamancinsa in akwai, ka rubuta a littafin da ke gefen kashiya don in gani kafin in je sari. Mutum yakan zo ne don abu ɗaya, sauran biyo baya suke yi. In ya rasa ɗayan sau biyu, duk jerin nasa zai kai wani wuri. Sannan ka daina bin mutane a baya kamar kana gadinsu. Na san akwai masu ɗauke-ɗauke, amma tsayawa inda kake hango layukan kanta ya isa. Mutumin kirki yana jin ido a ƙeyarsa, kuma ba ya mantawa.

An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, gaskiya ne, amma fara'a ba ta gyara layin da aka yi wa tsallake. Wurin biya shi ne abu na ƙarshe da mutum zai fita da shi a ransa. Jira ba ya ƙona rai kamar a ga wanda ya zo daga baya an sallame shi don sananne ne. Ko ɗan'uwana ne ya shigo, ya bi layi. In aiki ya riƙe ka, ɗaga kai ka dubi na gaba ka ce "ina zuwa, ranka ya daɗe". Wanda aka nuna an gan shi yana iya jira; wanda aka yi kamar ba ya wurin, minti ɗaya ma ya yi masa yawa. Waya kuma aljihu.

Canji ka ƙirga shi da baki a tafin hannunsa, tare da rasit. Wajen zuba kaya, gwangwani da kwalba a ƙasa, ƙwai da burodi a sama, sabulu ledarsa daban, ɗanyen nama ma daban, a ƙulle bakin don kada ruwansa ya taɓa abin da ake ci ba dafawa. Kwalbar mai ka murɗa murfinta ka tabbata kafin ka sa. Ƙwai kuwa buɗe kiret ɗin a gabansa ku duba tare.

Gobe kafin mu buɗe, ka fita waje ka shigo ta ƙofar gaba da kwando a hannu. Zan rubuta maka abu goma. Ka nemo su ba tare da ka tambayi kowa ba, ka duba farashin kowanne a kanta, ka kai su na'ura mu ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Daga nan ka sauke kantar gwangwanaye gaba ɗaya, da ta ƙasan ma, wadda sai an durƙusa ake gani.