Kafin Ku Biya Kuɗin Manhaja, Ku Gyara Takalmin Tukuna

Tambayar yau daga cikin garin Sakkwato ta zo, daga wani matashi da ya gaji dukanci a Shiyar Madunka. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Malam, ni da abokina mun haɗa jari naira miliyan 1 da dubu 200, muna son mu kafa kamfanin saida takalma da jakunkunan fata ta intanet. Wani mai haɗa manhaja ya ce a ba shi dubu 800 ya yi muna manhajar waya irin ta manyan kamfanoni. Abokina ya matsu a biya, ni kuwa gabana na faɗuwa. Mi kake gani?"

Ɗan'uwa, faɗuwar gabanka tana da dalili. Kada ku biya kuɗin nan yanzu. Idan dubu 800 suka tafi, da me za ku sayi fata, da me za ku biya masu ɗinki, da me za ku aika kaya? Kuma ka tambayi kanka tsakani da Allah: mutumin da ke Kaduna ko Abuja, wanda bai taɓa jin sunanku ba, zai goge hotunan wayarsa don ya samu wurin sauke manhajar shagon da zai sayi takalmi ƙafa ɗaya a shekara? Manhaja kuma ba a gama biyanta rana ɗaya. Google na karɓar dala 25 kafin a buɗe maka asusun ɗora ta, Apple na karɓar dala 99 kowace shekara, sannan duk gyaran da ya taso sai ka koma wurin wanda ya haɗa ta da kuɗi a hannu.

Abin da ya kamata ya hana ku barci shi ne kayan da kansu. Fatar jan akuyar Sakkwato ba ta neman mai yi mata kirari. Ita ce fatake suka riƙa ketara Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko suna yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Matsalarmu ba a fatar take ba, a daidaito take. Wanda ya zo shago zai sa takalmi a ƙafa, in ya matse a canza masa. Wanda ya saya ta waya ba shi da wannan damar. In ya ce lamba 43, to dole 43 ɗin da aka ɗinka yau ta zama daidai da wadda za a ɗinka bayan Sallah, ko da hannun wani baduku daban ta fito. Ku tanadi ma'aunin ƙafa ɗaya da kowa zai yi aiki da shi, ku rubuta tsawon kowace lamba da santimita, yadda mai saye zai taka takarda ya zana ƙafarsa ya auna da kansa.

Sai rini da wari. Wannan na daɗe ina faɗa wa masu sana'ar fata: jakar da ta zuba ja a jikin farar shadda ta kashe muku ciniki a gidan gaba ɗaya, har da maƙwabta. Ka ɗauki farin ƙyalle mai ɗan danshi ka goga a jikin kowace fata kafin a yanka ta. In ya ɗauki launi, ku koma wurin majemi. Fatar da ba ta sha jima da bagaruwa yadda ya kamata ba kuwa, in ta kwana uku cikin leda a bayan mota a zafin watan Afrilu, wanda ya buɗe ta ba zai sake nemanku ba.

Kuma ku rage yawan samfuri. Na san halin masu hannu, kowa na son ya nuna duk abin da ya iya. Ku fara da kaya uku ko huɗu: takalmin maza iri ɗaya ko biyu, jakar mata ɗaya, alabe ɗaya. Instagram da kake gani, da farko wata manhaja ce mai suna Burbn da ke yin abubuwa barkatai. Masu ita suka lura hotuna mutane suka fi so, suka zubar da saura, suka fito da Instagram a 2010. Ku ma ku bar masu saye su nuna muku wanne ne ke tafiya, sannan ku zuba jari a kansa.

Yanzu maganar shafin intanet. Wata uku na farko WhatsApp Business ya ishe ku, kyauta ne, kuma yana da wurin jera kaya da hoto da farashi. Ka buɗe littafi kana rubuta duk tambayar da masu saye ke maimaitawa. Waɗannan tambayoyin su ne za su zama shafinku. Idan lokaci ya yi, shafi ɗaya mara nauyi kuke bukata, wanda zai amsa abin da mutum zai tambaya da a ce ya tsaya bakin rumfarka a Babbar Kasuwa: mene ne wannan, nawa ne, akwai lambata, kwana nawa zai iso Kano ko Legas, nawa ne kuɗin mota, in bai yi mini ba za a canza? Ku rubuta farashi ɓaro-ɓaro. Wannan ɗabi'a ta "a tuntuɓe mu don jin farashi" tana korar mai kunya da mai sauri, kuma tana sa mutum ya zaci za a duba fuskarsa ne kafin a yanka masa kuɗi.

Hoto shi ne hannun mai saye, da shi yake taɓa kaya. Ku ɗauka da safe a inuwa, a kan farin zane, gaba da baya da ƙasan takalmin, da ɗaya na kusa da ke nuna ɗinki. Kada a ƙara wa launi haske, domin abin da ya gani shi zai jira. Masu Airbnb, shafin da ake kama hayar ɗaki ta intanet, a 2009, da suka ga ciniki ya tsaya, da kansu suka tafi New York gida-gida suna ɗaukar hotunan ɗakuna masu kyau. Amma ka gaya wa mai haɗa shafin ya rage nauyin kowane hoto, kada ya wuce kamar kilobait 200, ya kuma bar bidiyon da ke kunna kansa. Shi yana gwadawa a kwamfutarsa da intanet mai ƙarfi, mai sayenka kuwa yana iya kasancewa a Illela ko Gwadabawa da ƙaramar waya da datar naira ɗari biyu. A irin wannan wayar za ka karɓi aikin. In za ku rubuta da Hausa da Turanci, wanda nake ba ku shawara, ka duba ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa daidai ba ƙananan akwatuna ba.

Kafin ka biya cikon kuɗin aiki, ka samo mutum biyar da ba su san shafin ba, har da dattijo da mace mai yawan sayayya ta waya. Miƙa wa kowane waya ka ce ya sayi takalmi lamba 42, ka yi shiru kana kallo. Inda ya tsaya yana dube-dube, nan gyara yake. Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da shafuka, tun shekarar 2000 ya nuna cewa mutum biyar kan bankaɗo mafi yawan matsalolin shafi.

Akwai abu ɗaya da ba na so ka yi sakaci da shi ko kaɗan. Na taɓa zama da wata baiwar Allah mai turaren wuta da ta shekara biyu tana tallata adireshin shafinta, har a jikin kwalabenta yake. Da suka saɓa da yaron da ya haɗa mata, sai ta gano da sunansa aka yi rajista, komai yana hannunsa. Ta yi kuka a gabana. Adireshinku, ko mai ƙarewa da .ng ne ko .com.ng, waɗanda hukumar NiRA ke kula da su, a yi rajistarsa da sunan kamfaninku da imel ɗinku, kalmomin sirri kuma su zauna wurinku. Duk shekara ake sabunta shi, ka rubuta ranar. Ku yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ku buɗe asusun banki da wannan sunan, don wanda zai tura kuɗi ya ga suna ɗaya a shafi da asusu. Kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack ko Flutterwave za su iya zuwa daga baya ga masu biya da kati.

Kuɗin kuwa, da ni ne, fiye da rabi zai tafi ga fata, ɗinki da kwalin da zai kare kaya a hanya. Shafi da hotuna kada su haura kashi ɗaya cikin biyar, a biya a zango uku, na ƙarshe bayan gwajin mutum biyar ɗin nan. Saura ku ajiye don canjin kaya da kuɗin mota. Kai da abokinka kuma ku zauna gaban shaidu biyu ku rubuta abin da kowa ya zuba da yadda za a raba riba, tun kafin oda ta farko ta shigo. Allah ya sa albarka a nema.