Rufi ya kamata a fara ba muhimmanci

Malam, ka tambaya ko bango ko rufi ne ya fi muhimmanci wajen jure zafi, sanyi da guguwa. Amsar ita ce rufi. A yi shi mai gangara ta ɓangarori huɗu, a ɗaure katakansa da ƙarfe a jikin bango, sannan a shimfiɗa abin tare zafi tsakanin kwano da silin, wanda kuma zai riƙe ɗumi lokacin sanyi.

Dalili kuwa, iska mai ƙarfi ɗaga rufi take yi sama, kuma daga gefe take farawa. Na taɓa ganin gidan da bangonsa ko tsagewa bai yi ba, amma kwanon ya tashi gaba ɗaya saboda da ƙusa kaɗai aka kafa shi.