Amsa kan kauri da nauyin bangon bayindin

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sabon shagon albarka. Ka ce ka shiga Kasuwar Gumi ta Kaduna sayen bangon bayindin, wato murfin gaba da na baya da ake sa wa takardu in an ɗinke su kamar littafi, aka miƙo maka leda mai 200 da kwali mai 250, ka rasa wanne ya fi kauri, kuma wanne ya dace da furojet ɗin ɗalibai.

Lambobin nan biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba, don haka kada ka gwama su. Ledar gaba, mai garai-garai ɗin nan, kaurinta ake faɗa, da maikiron. Maikiron 1000 ne milimita ɗaya, wato in ka haɗa leda mai 200 guda biyar ka samu milimita ɗaya. Shi kuwa kwalin baya nauyinsa ake faɗa, shi ne gsm da ke jikin fakiti: in aka yanko kwalin, mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, aka ɗora a sikeli, giram nawa zai yi. Shi ya sa za ka ga kwali iri biyu duk 250 gsm, amma ɗaya ya fi cika hannu. Mai sheƙi an danne shi sosai a masana'anta, mai kaushin nan da ke kama da fata kuwa a sake yake.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, ba dole ka dogara da rubutun jikin fakiti ba, rula ta ishe ka. Yawanci leda 100 ce a fakiti. In da gaske mai 200 ce, tarin zai kai santimita 2. In ka auna ka ga ɗaya da rabi, mai 150 aka ba ka, ko kuma ba ta cika ɗari ba. Ni da rulata nake fita sari, wasu 'yan kasuwar har dariya suke min, amma dai sai na auna. Kwali kuma sai sikeli. Takardar A4 guda 16 ce ke cika murabba'in mita ɗaya, saboda haka raba gsm ɗin gida 16. Mai 250 kowane falle ya ɗan haura giram 15 da rabi, ɗari ke nan kilo ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. Mai 300 ɗarinsa ya kusa kilo 1.9. Da wannan lissafin ne rim ɗin takarda mai 80 gsm yake kilo biyu da rabi.

Ga 'yan Poli da KASU, wato Jami'ar Jihar Kaduna, leda mai 200 da kwali mai 230 ko 250 nake sawa, kuma malamai ba sa dawo da shi. Leda mai 150 ta handawut ce. Araha gare ta, amma ɗalibi ya bar ta cikin mota a zafin Maris ko Afrilu, kafin la'asar gefenta ya naɗe kamar busasshen ganye. Leda mai 250 zuwa sama ta takardun neman kwangila ce da rahoton ofis, sai dai tana wahalar da injin huda. Ɗaya-ɗaya za ka riƙa sa ta, in ba haka ba haƙoran injin su dakushe, ramukan su fito a tsage.

Da hunturu ledojin kan manne da juna, sai yaron shago ya ɗauki biyu yana zaton ɗaya ce. Koya masa ya murza kusurwar da yatsa kafin ya huda. Kuma a kwance ake ajiye fakiti, ba a jingine da bango ba.

In kaya daga Amurka ne za ka ga an rubuta mil. Ba milimita ba ne: mil ɗaya maikiron 25.4 ne, 7 mil kusan 180 ke nan, 10 mil kuma 254. Amma kafin ka yi murnar araha duba girman, domin takardarsu 216 da 279 ce a milimita, tamu ta A4 kuwa 210 da 297. In ka ɗora bangonsu a kan furojet, ƙasan takardar zai leƙo waje da kusan santimita biyu.

Wajen zaɓen sifiral ma, wato naɗaɗɗiyar robar nan da ake zurawa cikin ramukan takardun, kaurin zai yi maka amfani. Falle goma na mai 80 gsm kusan milimita ɗaya ne, falle 60 milimita 6, bango biyu su ƙara kusan rabi. Kada ka cusa su a sifiral mai milimita 6, ɗauki mai 8 ko 10 don shafi ya riƙa juyawa ba tare da ya yage ba.