Ta Ina Zan Bi In Zama Malamar Jami'a A Fannin Ilimin Masu Buƙata Ta Musamman?

Tambaya: Malam, na kammala NCE. Ƙanina kurma ne, shi ya sa nake son in zama malamar jami'a mai bincike kan yadda za a riƙa koyar da irinsu aji ɗaya da sauran yara. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, Allah Ya yi albarka. Hanyar takarda a bayyane take. Jami'ar Bayero ta Kano da ta Jos da ta Ibadan duk suna da sashen wannan fanni. Ki yi digiri na farko da na biyu, sannan na digirgir, domin in babu shi ba a nisa a aikin jami'a.

Amma shawarata, kada ki wuce kai tsaye daga wannan digiri zuwa wancan. Ki shiga aji tukuna, ko da shekara biyu ce, a makarantar masu buƙata ta musamman irin ta Tudun Maliki da ke Kano. Ki koyi rubutun makafi har hannunki ya faɗa. Tun 1994 aka amince a taron Salamanka na ƙasar Sifen cewa a haɗa yara a makaranta ɗaya, kuma a Janairun 2019 shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya. Sai dai doka ba ta koyar da yaro. A ajiye kurma cikin ɗalibai tamanin, malami ya juya baya yana magana da allo, wannan sunansa zaman ɗumama benci. Wanda bai taɓa tsayawa gaban irin wannan aji ba, bincikensa kwafe-kwafe ne kawai.

Kuma ga ki da abin bincike a cikin gida. Kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu, wadda da ita ƙaninki ke hira da abokansa. Makarantu kuwa galibi da salon Amurka suke koyarwa, wanda wani kurma Ba'amurke mai suna Andrew Foster ya shigo da shi lokacin da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Me ke faruwa da yaron da ya taso da ɗaya, ya tarar da ɗaya a aji? Ni dai da ni ne ke, a nan zan kafa kundin digirina na biyu, in kuma sa kuramen su zama abokan aikin, su duba abin da na rubuta kafin in miƙa wa mai duba ni.