Atila bai taɓa shiga birnin Rum ba

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun jiya na ga tambayarka: idan da gaske Hunawa sun gagari Rumawa kamar yadda ake zuzutawa, me ya hana sarkinsu Atila cin birnin Rum ko Kustantiniya? Na kuma ga wani ya amsa maka cewa ai shi ya ƙone Rum ɗin. A yi haƙuri, ba haka ba ne. Alarik, sarkin ƙabilar Gotawa, da mutanensa ne suka washe birnin a shekarar 410 miladiyya, wata ƙabilar, Bandalawa, suka maimaita a 455, shi kuwa Atila ya mutu tun 453, ƙafarsa ba ta taɓa taka birnin ba.

Ni ma da irin tunaninka na tafi karatu Istanbul, wadda ita ce Kustantiniyar da kake magana. Wata Asabar na ce bari in je in ga ganuwar nan ta Sarki Tiyodosiyus da ido. Mutumin da ya tashi yana ganin ganuwar ƙasa, in ya tsaya a gindin wannan sai ya yi shiru. Hawa-hawa ce: rami mai faɗi a gaba, sai ganuwar waje, sai ta ciki mai tsayin kusan mita 12 da hasumiyoyi jere, ta miƙe kusan kilomita 6. Yau a cikin ramin nan lambu ake yi, na tarar da wani tsoho yana ba latas ruwa, ko ɗago kai bai yi ba. A ɗaya daga ƙofofin akwai rubutun Latin a jikin dutse da ke cewa wani babban jami'in sarki, Konstantin, ya tsayar da ganuwar cikin ƙasa da wata biyu. Rubutun nan kai tsaye ya shafi tambayarka. A watan Janairun 447 girgizar ƙasa ta zubar da hasumiya 57, a daidai shekarar da Atila ya ƙetaro kogin Danub. Mutanen gari suka fito ƙwansu da kwarkwata, har da magoya bayan ƙungiyoyin tseren keken doki da ba sa ga maciji da juna, suka gyara cikin kwana 60. Ga birnin kuma teku ta kewaye shi ta sauran ɓangarorin, Atila ba shi da jiragen ruwa. Ta ina zai shiga?

Kada ka ɗauka wai ba su iya cin gari mai ganuwa ba ne. Sun iya. Daga 441 zuwa 447 sun tarwatsa garuruwan yankin Balkan ɗaya bayan ɗaya, har da Singidunum, wato Belgrade ta yau, da Naisus, wadda ake kira Nish a Sabiya, inda suka kawo manyan gumagumai na fasa bango. Wani Bagirke mai suna Firiskus, wanda ya bi tawagar jakadan Rum zuwa wurin Atila a 449, ya ratsa ta Naisus ya same ta kufai, sai marasa lafiya kwance a cikin coci-coci, bakin kogin kuma cike da ƙasusuwan mutane, har sai da suka matsa gaba kafin su sami wurin kafa tanti.

To, bayan shekarun da na yi ina karanta wannan zamani ina kuma koyar da shi, abin da na tsaya a kai shi ne Atila ba mulkin ƙasar Rumawa ya fito nema ba. Zinarinsu yake so, kuma a kai a kai. Bi lissafin ka gani. Zamanin baffansa Ruwa, Rum ta Gabas, wato rabin daular da ake mulka daga Kustantiniya, tana biyan zinari mai nauyin fam 350 a shekara. Da shi da ɗan'uwansa Bileda suka hau, a yarjejeniyar Margus aka ninka zuwa 700. Bayan ɓarnar da ya yi a Balkan aka kai 2,100 a shekara, kusan kilo 700 ke nan, ban da fam 6,000 na bashin baya. Duk inda ya fasa gari, ba ya naɗa hakimi ya zauna. Ya kwashi ganima da bayi, ya koma hayin Danub, ya aiko a zo a yi ciniki. Mai nono ba ya yanka saniyarsa.

Dalili kuwa, rundunar da muke kira ta Hunawa haɗin gambiza ce. Akwai Gotawa, akwai Gefidawa, akwai wasu ƙabilu da dama, kowace da sarkinta. Abin da ya riƙe su tsoro ne da rabo. Ranar da zinari ya daina zuwa, ranar za a fara kallon-kallo. Shi ya sa a kowace yarjejeniya yake nacewa a dawo masa da waɗanda suka tsere wurin Rumawa. Firiskus ya ci abinci a fadarsa, ya ce baƙi a akussan azurfa aka zuba musu, shi kuwa sarkin nama kawai ya ci a akushin katako, kofinsa ma na katako, takobinsa ba ado. Ɗalibaina in na ba su wannan sukan ce ashe mutumin mai gudun duniya ne. Ni kam ban yarda ba. Dukiyar ba ta ci ba ce, ta rabawa ce, ita ce igiyar da ya ɗaure manya da ita.

Wani abin da ake mantawa: Rumawa da Hunawa ba kullum suke gaba ba. Ayitiyus, babban kwamandan Rum ta Yamma, ɗaya rabin daular inda birnin Rum yake, ya zauna a hannunsu yana matashi a matsayin jingina, ya san su ciki da bai. Da sojan haya na Hunawa ya murƙushe ƙabilar Burgundawa wajen 436, aka kashe sarkinsu.

Abin ya juya a 450. Tiyodosiyus na Biyu, sarkin Rum ta Gabas, ya faɗo daga doki ya mutu, wanda ya gaje shi, Marsiyan, ya ce ko anini ba zai ƙara biya ba. Balkan kuma an riga an tatse ta. Sai ga uzuri ya faɗo daga Yamma: Honoriya, 'yar'uwar Sarki Balentiniyan na Uku na Rum ta Yamma, da ake son aurar da ita dole, ta aika wa Atila zobenta tana neman ɗauki. Gogan ya ce ai wannan tayin aure ne, a ba shi matarsa da rabin daular. A 451 ya shiga Gol, Faransa ta yau, ya ƙone Mez a watan Afrilu, ya kewaye Oliyan. Nan tsohon abokinsa Ayitiyus ya iso tare da Tiyodorik sarkin Gotawan Yamma, aka gwabza a filin Katalon a watan Yuni. Gotawa a wannan ɓangare, Gotawa a wancan. Tiyodorik ya mutu a fagen daga, Atila ya ja da baya cikin da'irar amalankensa, an ce har ya sa an tara sirada don a cinna wuta ya faɗa ciki in aka zo kama shi. Ba a afka masa ba, ya koma gida.

Sai 452, wadda ita ce kusa da abin da kake tambaya. Ya shiga arewacin Italiya, ya rusa Akwileya bayan doguwar kewayewa, ya ci Milan. Hanyar Rum a buɗe take. Tawaga ta tare shi kusa da Mantuwa, a ciki har da Fafaroma Liyo na Ɗaya, bayan ganawar ya juya. Mutanen coci suna cewa kwarjinin Fafaroma ne. Ba zan yi musu da imanin kowa ba, amma a lokacin yunwa ta addabi Italiya, cuta ta shiga sansaninsa, Marsiyan kuma ya turo sojoji. Rundunar da ta riga ta cika amalanke da ganima, dawakinta ba ciyawa, me za ta je nema kudu? 

Shekara na zagayowa ya yi sabuwar amarya, Ildiko, ya sha ya bugu, haɓo ya shaƙe shi cikin barci. 'Ya'yansa suka hau rigimar gado, suna son raba ƙabilun nan kamar garken shanu. Ardarik sarkin Gefidawa ya tayar musu, a yaƙin Nedawo wajen 454 aka kashe babban ɗansa Ellak. Wani ɗan nasa, Dengizik, ya sake gwada Rum ta Gabas, a 469 aka kawo kansa Kustantiniya aka kafe shi a kan sanda mutane suna zuwa kallo.

In kana neman hannun Atila a faɗuwar Rum ta Yamma, duba mutanen fadarsa. Orestes, wanda ya yi masa magatakarda, shi ya ɗora ɗansa Romulus a kan gadon sarauta a 475, yaron da wani shugaban sojoji, Odowakar, ya tuɓe a 476.