Wane irin kiɗi ne wanga na Indiyawa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ƙanena yana karatu Chennai, ya turo man bidiyo ta WhatsApp, wasu yara zaune ƙasa sun tanƙwashe ƙafa suna waƙa suna bugun cinya da tafin hannu, babu rawa babu komi, ya ce wai Amurka aka haife su. Wanga ai ba irin na finafinan da muka saba ba ne, mine ne shi kuma ya aka yi suka iya? Daga mai karatu, Tudun Wada, Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka gani Karnatik ake ce mishi, kiɗan gargajiyar kudancin Indiya, bugun cinyar nan kuma ƙirga kiɗan suke yi, su tala suke kiransa. Yawancin waƙoƙin na addininsu ne, da yawa wani Tyagaraja ya tsara su da yaren Telugu, mutumin ya mutu tun 1847 amma har gobe su ake biya wa yara.

Iyayen ne suka tafi da abinsu, likitoci da injiniyoyi da aiki ya kai Amurka, tun 1978 suke taron tunawa da Tyagaraja duk shekara a Kilibland ta jihar Ohayo har da gasar yara, in Disamba ta yi kuma a kwaso su a taho Chennai lokacin da garin ke cika da wasanni. Yanzu ma intanet ta sauƙaƙa, malami ya zauna da asuba a Chennai yaro na Amurka da dare suna kallon juna a waya, a gama a tura mishi dala. Dattawansu na ƙorafi kam, a da almajiri gidan malami yake tarewa shekara da shekaru, yanzu yaro na rera Telugu bai san me yake faɗa ba. Suna da gaskiya, amma ni dai na fi son wannan da a ce babu mai koyo gaba ɗaya.

Don wallahi abin ya taɓa ni. Bara wajen wani biki a Ƙaura Namoda na ga dattijo rataye da kotso, fatar ta yi baƙi don shan hannu, 'yan amshinsa uku duk furfura. Na ce Baba ina yara? Ya ce biyu na acaɓa a Abuja, ƙaramin kuma ko taɓa gangar ba ya so.