Ku Tambaya Mu Amsa: Wai gwamnatin Amurka biyan makiyayi take ya gyara gonarsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Maryland ta Amurka, na sayi ɗan fili ina kiwon tumaki da awaki, yawanci mutanenmu nake saidawa na layya da na suna. Akwai rafi da ya ratsa filin, nan dabbobin ke sha nan suke kashi. Wani maƙwabcina bature ya ce gwamnati na ba da kuɗin shinge da rijiya. Gaskiya ne ko shaci-faɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a kiwo. Maƙwabcinka bai yi ƙarya ba amma rabin zancen ya ba ka. Shirin sunansa EQIP, na tallafa wa manoma da makiyaya su kare ƙasa da ruwa, dokar noma ta 1996 ce ta kawo shi, kuma hukumar NRCS ta ma'aikatar gona ke tafiyar da shi, hukumar da asalinta tun 1935 ne lokacin da guguwar ƙura ta kwashe ƙasar noma a tsakiyar Amurka. Karo-karo ne tsakaninka da gwamnati, ita ta ɗauki har kashi 75 cikin 100 kai ka cike sauran, in kuma sabon manomi ne kai wanda bai haura shekara 10 da farawa ba, ko mai ƙaramin ƙarfi, ko tsohon soja, nata kason zai iya kai kashi 90.

To ga inda mutane ke faɗawa rami. Ba a miƙo maka kuɗi ka je ka yi aiki, kai za ka fara kashe naka ka gama, jami'insu ya zo ya duba ya ga an yi daidai da ma'auninsu, sannan a biya. Kuma ba rasit ɗinka suke bi ba, suna da nasu farashin da suka yanke wa kowane aiki, in ɗan kwangilarka ya tsuga maka kuɗi to cikon daga aljihunka ne. Masu kashi 90 ɗin nan ne kawai ke iya neman a ba su rabin kuɗin tun farko, shi ma sai sun kashe cikin kwana 90 in ba haka ba su mayar. Babban kashedi, kar ka kafa ko turke ɗaya kafin a sa hannu a kwantiragi, aikin da ka riga ka fara da kanka ba sa biya.

Ka fara zuwa ofishin FSA, wato hukumar hidimar manoma ta ma'aikatar gona, na yankinku a yi wa gonar rajista a ba ta lamba, daga nan NRCS su turo wanda zai zaga filin ku tsara aiki tare. Masu nema sun fi kuɗin yawa saboda haka maki ake ba kowace buƙata a ɗauki masu maki da yawa, amma aikinka na hana dabba shiga rafi irin wanda suke so ne, musamman a Maryland da yawancin ruwanta ke gangarawa tekun Chesapeake. Jihar ma tana da nata shirin mai suna MACS, ka tambaya tun kana wajen.

Tambaya: Malam ni mace ce mai kiwon kaji a Kaduna. Kashin kajina buhu-buhu nake saidawa, masu lambu har rububi suke. Na ji an ce a Amurka shirin EQIP har kuɗin kawar da kashin dabbobi yake bayarwa, ya za a yi a ce taki ƙazanta ne har gwamnati ta kashe kuɗi a kai?

Amsa: Hajiya wannan tambaya ta yi min daɗi. Mu da manomi ke roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa bayan girbi har ya haɗa masa da dami don shanu su bar taki, dole abin ya ba mu mamaki. Matsalar yawa ce. A can Amurka, gonar da aka tsare shanun nama 1,000 a waje ɗaya, ko shanun madara 700, ko aladu manya 2,500, ko kajin nama 125,000, tana cikin rukunin manyan gidajen kiwo da suke kira CAFO, kuma dokar tsaftar ruwa ta 1972 ta sa su sahu ɗaya da masana'anta, in za su zubar da wani abu a ruwa sai da lasisi. Kashin da ke fita a irin wannan waje ya fi ƙarfin gonakin da ke kewaye, sai a tara shi a manyan kududdufai, in aka yi ruwa mai yawa su tumbatsa, kamar yadda aka gani a North Carolina lokacin guguwar Floyd a 1999 da ta Florence a 2018. Sinadaran N da P ɗin da kike gani a jikin buhun NPK, su ne dai a cikin kashin, in suka shiga tafki sai gansakuka ta haukace ta shanye iskar ruwa kifi ya mutu. A watan Agustan 2014 sai da aka hana mutanen birnin Toledo na jihar Ohio, kusan 400,000, shan ruwan famfo na kwana uku saboda gubar gansakukar tafkin Erie, wadda takin gonaki ke ciyarwa.

Amma akwai rigima a nan, kuma ni ina da ɓangare. Dokar noma ta 1996 ta hana manyan gidajen kiwo karɓar kuɗin EQIP don gina ma'ajiyar kashi, tunanin shi ne wanda ya tara dabba dubu ya iya kwashe kashinsa da kansa. Dokar 2002 ta cire wannan shingen, ta kai iyakar abin da mutum zai iya karɓa dala 450,000, ta kuma ware kashi 60 na kuɗin shirin wa harkar kiwo, sai a 2018 aka dawo da shi kashi 50. Masu goyon baya suna cewa ai inda ƙazanta ta fi yawa nan ya kamata kuɗi ya je, kuma ba a bayarwa sai mai gona ya kawo cikakken tsarin yadda zai yi da takin. Ni dai a ganina kududdufi ɗaya na attajiri yana cinye abin da zai yi wa ƙananan makiyaya da yawa shinge da rijiya irin na ɗan'uwanmu na Maryland, kuma abin da lasisi ya riga ya wajabta maka bai kamata mai biyan haraji ya saya maka ba.

Tambaya: Akwai irin wannan a Najeriya?

Amsa: Mai kama da shi dai akwai. Waɗanda suka shiga shirin Fadama sun san sai ƙungiya ta kawo nata kason kafin a saki na injin ban ruwa. Yanzu kuma akwai ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2021, ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, aikinsa farfaɗo da ƙasar da zaizaya da hamada suka ci. Ta hannun ƙungiyoyi da al'umma ake shiga, ka nemi ofishinsu na jiharku.